Sharhi: Kafin a tura kuɗin maganin sankara, a tambayi takardar awon tsoka

Da wuya a samu ɗan Nijar mazaunin ƙetare da bai san irin wannan saƙo ba. Yakan iso ta WhatsApp, sau da yawa da murya, daga Maraɗi ko Damagaram ko wani ƙauye na jihar Tawa: an kai gyatuma asibiti, an ga ƙulli a mama, an ce sankara ce, a turo abin da ya sawwaƙa. Ɗan kasuwar da ke Abidjan ko Legas, mai aikin gini a Aljeriya ko Libiya, ɗalibin da ke Faransa, kowa sai ya shiga lalube. Ana tara kuɗi, ana sayar da tumaki, wani lokaci har gona. Abin da ba a cika tambaya ba shi ne wa ya tabbatar sankara ce, da wane awo, kuma wace iri ce.

A asibitocin Nijar ana kiran wurin da ke amsa wannan tambaya da sunan anapat, gajarcen sunan Faransanci na fannin likitancin da ke duba tsokar jikin mutum a ƙarƙashin madubin ƙara girma. Ɗaki ne da majiyyaci ba ya shiga, likitansa ma ba kasafai yake ganin fuskar mai ciwon ba. Amma duk shawarar da za ta biyo baya, tiyata ce, ƙarin ruwan shimiyo ne ko gashin haske, a kan takardar da ya sa wa hannu take tsayawa. Ƙasar da ta sayi injinan magani ta bar wannan ɗaki a baya ta ɗora gini ne a kan yashi. Lokaci ya yi da Nijar za ta mai da awon tsoka haƙƙin kowane majiyyaci, a kusa da garinsa, cikin kwanaki ƙalilan. Binciken da masana suka shafe fiye da shekaru 100 suna yi ya nuna dalili.

Abin da ke lalacewa a cikin jiki

An gina jikin ɗan Adam da ƙwayoyin halitta, biliyoyi a kan biliyoyi. A cikin kusan kowace ɗaya akwai wani dogon rubutu da ake kira DNA, ko ADN a Faransanci, mai haruffa iri 4 kacal, A, C, G da T, waɗanda aka jera har kusan biliyan 3. Rubutun ya ƙunshi sassan gado kimanin 20,000, kowane sashe da umarnin da yake bayarwa. Wasu na cewa ƙwaya ta rabu biyu, wasu na cewa ta dakata, wasu aikinsu gyaran kuskure, wasu kuma su ke umartar ƙwayar da ta lalace ta mutu.

Sankara tana farawa ne idan kurakurai suka taru a waɗannan sassa. Harafi ɗaya ya sauya, ko wani yanki ya ɓalle ya manne inda ba wurinsa ba, ko sashe ɗaya ya ninku sau da yawa. Kuskure guda bai cika isa ba. A 1990 wasu masu bincike biyu na jami'ar Johns Hopkins a Amurka, Eric Fearon da Bert Vogelstein, suka nuna yadda sankarar hanji ke tasowa mataki-mataki, daga ɗan tsiro marar illa zuwa ƙari mai yaɗuwa, kowane mataki da sauyin da ya haife shi, kuma tafiyar kan ɗauki shekaru. Mafi yawan waɗannan sauye-sauye a tsawon rayuwa ake samun su, ta hayaƙin taba, ta wasu ƙwayoyin cuta, ta guba a abinci, ko ta kuskuren kwafi da ke ƙaruwa da tsufa. Kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na sankara ne kawai ke da tushe a gadon iyaye. Don haka ba a ɗaukar ta a kwanon tuwo ko a tabarma, kuma matar da aka samu da ita ba ta jawo wa danginta wani abin kunya ba.

Wannan sani daga ɗakin awo ya fito. A 1858 likitan Jamus Rudolf Virchow ya kafa hujjar cewa a cikin ƙwayoyin halitta cuta ke farawa, can ne kuma za a neme ta. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford, a birnin Filadelfiya, suka lura da wani gajeren kuromozom, wato ɗaya daga cikin ƙunshin da rubutun gado ke naɗe a ciki, a jinin masu wata irin sankarar jini. A 1973 Janet Rowley ta jami'ar Shikago ta gano cewa musayar yanki ce aka yi tsakanin kuromozom na 9 da na 22. Daga wannan gano ne aka haɗa maganin imatinib, wanda aka amince da shi a 2001, ƙwayar haɗiya da ta mai da cutar da ke kashewa cikin ƴan shekaru abin da mutum ke rayuwa da shi tsawon lokaci. Sai dai maganin yana yi ne ga wanda awo ya nuna yana da irin sauyin da aka haɗa shi dominsa. A jikin wanda ba shi da shi, asarar kuɗi ce.

Aikin ɗakin da ba a gani

Aikin yana farawa da biyopsi, wato likita ya ciro ɗan yankin tsoka daga ƙullin, da allura ko ta ƙaramar tiyata. Ana jefa yankin cikin ruwan formol don kada ya ruɓe, a busar da shi, a daskarar da shi cikin kaki, sannan a yanka shi siriri, sirantar da ta fi ta gashin kai sau goma. Ana ɗora shi a gilashi, a rina shi da rini kala biyu, likita ya duba. Daga nan ne ake sanin ko sankara ce ko ba ita ba, daga wace gaɓa ta taso, yaya zafinta yake, kuma idan tiyata aka yi, ko an cire ta duka ko an bar saura a gefe.

Ido da hannu ba sa iya wannan aiki, kome ƙwarewar likita. Kaluluwar da ta daɗe a wuya tana iya zama tarin fuka, wanda ake warkewa daga gare shi da maganin wata 6, tana kuma iya zama sankarar kaluluwa. Ƙulli a maman budurwa, mafi yawan lokaci, ba sankara ba ne. Hoton eko ko na sikana yana nuna cewa akwai abu da girmansa, amma in ban da ƴan wurare kaɗan irin su hanta, ba ya yanke hukunci a kan mene ne abin. Wanda aka ɗora wa shimiyo a kan zato ya sha guba mai zubar da gashi da raunana jini a banza. Wadda aka cire wa mama ba tare da awo ba, ba a mai da mata shi. Akwai kuma masu gudun biyopsi bisa tsoron cewa da zarar ƙarfe ya taɓa ƙulli sai ya fantsama. Abin da ke ba sankara damar yaɗuwa shi ne watannin da ake ɓatawa ana jira.

Yara ne suka fi nuna tsadar jira. A 1958 wani likitan tiyata a Kamfala ta Yuganda, Denis Burkitt, ya bayyana wani ƙari da ke kumbura muƙamuƙi ko cikin yara a yankunan da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu. A 1964 aka gano ƙwayar cutar Epstein-Barr a cikin irin wannan ƙari, daga baya kuma aka gano cewa wani sashen gado mai suna MYC, mai tura ƙwaya ta rabu, yana barin mazauninsa a kuromozom na 8 ya koma na 14, inda ba abin da ke tsai da shi. Ƙarin yana iya ninka girmansa cikin kwana ɗaya ko biyu. Yana kuma cikin waɗanda suka fi jin magani idan an kama shi da wuri. Sakamakon da ya iso bayan wata biyu, ga irin wannan yaro, takarda ce kawai.

Sankarar mama ba iri ɗaya ba ce

Sankarar mama da ta bakin mahaifa su ne suka fi addabar mata a Nijar, kamar yadda yake a maƙwabtan ƙasashe. Abin da jama'a ba su cika ji ba shi ne cewa sunan sankarar mama ya ƙunshi cututtuka daban-daban, kowace da maganinta. Akwai wadda ke ci da sinadarin mata na istirojin. Ita ce ke jin tamoksifen, ƙwaya mai sauƙin kuɗi da ake sha kullum tsawon shekara 5 ko fiye, wadda ke rage mutuwa daga cutar da kusan kashi ɗaya bisa uku. Ga wadda ƙarinta ba ya ci da wannan sinadari, tamoksifen ba ya tsinana kome. Akwai wadda sashen gado mai suna HER2 ya ninku a cikinta, kimanin kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na masu cutar. Tana da saurin yaɗuwa, amma tun 1998 akwai allurar trastuzumab da aka haɗa dominta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin magungunan da suka wajaba a 2015. Akwai kuma wadda ba ta jin ko ɗaya daga cikin waɗannan, sai shimiyo. Abin da ke rarrabe su wani ƙarin rini ne na musamman da ake yi wa tsokar da ke kan gilashi.

A nan ne wata muhawara ta masana ta shafi Nijar kai tsaye. A 2009 tawagar Farfesa Olufunmilayo Olopade, ƴar Najeriya da ke jami'ar Shikago, ta wallafa bincike a kan tsokar mata kimanin 500 daga Najeriya da Senegal, inda kusan kashi ɗaya bisa huɗu ne kawai suka nuna alamar cin istirojin. Wani binciken da aka yi a Najeriya a daidai wannan zamani ya samu kusan kashi biyu bisa uku. A 2014, da aka tattara binciken da aka yi a faɗin Afirka, sai aka ga cewa inda aka kula da tsokar tun daga ɗakin tiyata an fi samun alamar, inda kuma aka yi aiki da tsofaffin samfuran da aka ajiye an fi rasa ta. Masana na ci gaba da tattauna yawan bambancin da ke tsakanin matan Afirka ta Yamma da na Turai, amma sun yarda a kan abu ɗaya, cewa tsokar da aka wulaƙanta tana ba da amsar ƙarya.

Ƙa'idar da likitocin duniya ke bi ita ce a jefa tsokar mama cikin formol kafin awa 1 da cire ta, kuma ta zauna a ciki tsakanin awa 6 zuwa 72. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, daga Maraɗi ya haura 600, daga Damagaram ya kusa 900. Kwalbar da aka danƙa wa ɗan'uwan majiyyaci ya kai tashar mota da ita a zafin watan Afrilu, ta kwana a hanya, ta jira layi a can, tana iya wuce wannan ƙa'ida ba tare da kowa ya yi niyyar mugunta ba. Ƙarshenta a ce wa mace ƙarinta ba ya jin tamoksifen alhali yana ji, a hana ta magani mai araha da zai iya ƙara mata shekaru tare da ƴaƴanta.

Sawun gubar gyaɗa a cikin hanta

Babu misalin da ya fi kusa da gida kamar na sankarar hanta, wadda a Afirka ta Yamma take kama maza suna tsakiyar ƙarfinsu. A 1960 talotalo kimanin 100,000 suka mutu a Ingila bayan sun ci tunkuzar gyaɗar da aka kawo daga Brazil. Binciken mutuwar ya kai ga gano aflatoksin, gubar da wata fumfuna ke zubawa a gyaɗa da masara idan ba su bushe sosai ba ko an ajiye su a wuri mai laima da zafi. Suya da dafuwa ba sa kashe ta. Cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke Liyon a Faransa ta sa ta a rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara ga ɗan Adam.

A 1991 wasu tawagogi biyu, ɗaya ta yi aiki da tsokar majiyyata daga kudancin Afirka, ɗaya daga yankin Qidong na ƙasar Sin, suka gano yadda gubar ke ɓarna. Akwai wani sashen gado mai suna TP53, mai gadin ƙwaya, wanda ke tsai da ita idan rubutunta ya lalace. Ana samun sa a lalace a kusan rabin dukan sankarar ɗan Adam. Amma a hantar mutanen da suka daɗe suna cin aflatoksin, lalacewar tana zuwa ne a wuri ɗaya tak, a gurbi na 249, inda harafin G ke komawa T. Sauyin tamkar sawun ɓarawo ne, ana ganin sa a gane wanda ya shiga. A Gambiya, masu bincike sun same shi a jinin fiye da kashi ɗaya bisa uku na masu sankarar hanta. A Turai da Amurka da ƙyar ake cin karo da shi.

Gubar ba ta tafiya ita kaɗai. Wani bincike da aka yi a birnin Shanghai a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa aflatoksin kaɗai na ninka haɗarin sankarar hanta kusan sau 3, ciwon hanta na B kaɗai kusan sau 7, amma idan suka haɗu a jikin mutum ɗaya haɗarin na kai kusan sau 60. Nijar na cikin ƙasashen da ciwon hanta na B ya yi yawa, kuma jihohin Maraɗi da Damagaram tun zamanin mulkin mallaka aka san su da noman gyaɗa. Ƙuli-ƙuli, tunkuza, miyar gyaɗa da kunun gyaɗa abincin kowane gida ne, kuma abinci ne mai gina jiki da babu dalilin a daina shi. Gyaran yana wurin ajiya. A ƙasar Gine, wani gwaji da aka wallafa a 2005 ya nuna cewa manoman da suka tsince ruɓaɓɓun ƙwayoyi da hannu, suka shanya gyaɗa a tabarma maimakon ƙasa, suka zuba ta a buhun algarara suka ɗora a kan katako, alamar gubar a jininsu ta yi ƙasa da ta sauran da fiye da rabi. A Qidong kuwa, mutuwa daga sankarar hanta ta ragu sosai bayan jama'a sun bar dogaro da masara suka koma shinkafa a shekarun 1980. Ɗakin awo ne ya nuna wa manomi da mai abinci inda za su sa ido.

Inda Nijar ta tsaya

Ba a ce ba a yi kome ba. Tun 1992 akwai rajistar masu sankara a Yamai, wadda ta tashi a ɗakin anapat na tsangayar likitanci ta jami'ar Abdou Moumouni. Tun 2007 doka ta tanadi kula da sankarar mata kyauta a asibitocin gwamnati. A watan Maris na 2021 aka ƙaddamar da sashen gashin haske na farko a ƙasar, a cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa, CNLC, da taimakon hukumar makamashin nukiliya ta duniya. Waɗannan matakai ne da suka cancanci yabo. Sai dai dukansu sun dogara da awon tsoka. Rajista ba ta ƙirga abin da ba a tabbatar ba, injin haske ba ya gasa abin da ba a san irinsa ba, kuma maganin kyauta ba ya amfanar matar da ta tsaya a matakin neman sakamako.

Matsalar ba ta Nijar kaɗai ba ce. Wani kwamitin masana na mujallar Lancet ya ƙiyasta a 2021 cewa kashi 47 cikin 100 na mutanen duniya ba su da damar yin awon gano cuta, ko kuma damarsu kaɗan ce. A ƙasashe da dama na Afirka kudu da Sahara, likitan awon tsoka ɗaya ne ke ɗauke da mutum fiye da miliyan ɗaya, kuma galibin likitocin a manyan birane suke. Amma akwai ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da suka nuna hanya. Malawi ta buɗe ɗakin awon tsoka a babban asibitin Kamuzu na Lilongwe a 2011, Ruwanda kuma ta buɗe cibiyar sankara ta Butaro, a cikin karkara, a 2012. A wuraren biyu ana shirya gilashin a nan take, a ɗauki hotonsa da na'ura, a tura ta intanet ga ƙwararrun da ke nesa don su duba tare da likitocin gida.

Za a ce ƙasar da ke fama da zazzaɓin cizon sauro, tamowa da matsalar tsaro tana da abin da ya fi wannan gaggawa. Maganar tana da nauyi. Amma kuɗin sankara ana kashe su a yanzu haka, daga aljihun iyalai, a shagunan magani, a wurin masu maganin gargajiya, a tikitin jirgi zuwa Tunisiya, Masar ko Indiya. Awo shi ne mafi araha a duk jerin, shi ne kuma ke hana a zubar da sauran. Ɗakin da ke gano sankara shi ne ke gano tarin fukan kaluluwa, tsargiya a mafitsara da cututtukan fata, don haka amfaninsa ya wuce na masu sankara.

Abin da ya kamata a yi

Ga iyalai da masu tura kuɗi daga waje, abin yi a fili yake. A tambayi likita, cikin ladabi, ko an yi biyopsi, kuma a nemi kwafin takardar sakamakon kafin a biya kuɗin shimiyo ko na babbar tiyata. Idan mama ce, a tambaya ko an auna alamar istirojin da ta HER2. Duk abin da aka cire a tiyata a tabbatar an tura shi awo, kada a binne shi ko a jefar. Idan za a kai majiyyaci Kano, Tunis ko Alƙahira, a nemi a tafi da ɗan kakin da tsokar ke ciki tare da gilasansa, domin yana ajiyuwa shekaru, kuma asibitin can zai iya sake dubawa ba tare da an sake yanka mutum ba. Matasa su je a auna musu ciwon hanta na B, wanda ba shi da shi ya yi rigakafi, jarirai kuma a nema musu allurar farko cikin awa 24 da haihuwa kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara.

Ƙungiyoyin ƴan Nijar mazauna ƙetare, waɗanda suka saba gina masallatai, haƙa rijiyoyi da sayen motar ɗaukar marasa lafiya, suna da wani gurbin da za su cike. Injin yanka tsoka, madubi mai kyau, na'urar ɗaukar hoton gilashi da kuɗin karatun ɗalibi ɗaya na shekarun ƙwarewa ba su fi ƙarfin ƙungiyar gari guda ba. Sharaɗin shi ne a yi shi da shawarar asibitin da zai yi aiki da kayan, a haɗa da kuɗin rini da na gyara, don kada a ƙara yawan injinan da ke kwance a cikin kwali. Likitocin Nijar da ke aiki a Faransa, Beljiyam ko Kanada kuma suna iya ba da awa ɗaya ko biyu a mako su duba hotunan gilashi daga gida.

Jami'o'in Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi da André Salifou ta Damagaram suna yaye likitoci. Ya kamata su jawo wasu daga cikinsu zuwa wannan fanni da ba shi da farin jini saboda ba ya kawo majiyyata a asibitin kuɗi, su kuma horar da ma'aikatan da ke shirya gilashi, waɗanda in babu su likita ba shi da abin dubawa. Su ne kuma suka fi cancanta su binciki yawan sauyin gurbi na 249 a hantar mutanen yankin gyaɗa, da irin sankarar maman da ta fi yawa a tsakanin matan Nijar. Manyan taskokin bayanan gadon sankara na duniya an cika su ne galibi da tsokar Turawa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Babban nauyi yana kan ma'aikatar kiwon lafiya. Kowane asibitin da ke tiyata ya kasance da formol mai inganci da kwalabe, da ma'aikacin da ya san ƙa'idar lokaci. Jigilar tsoka ta zama aikin hukuma, mai ranaku da rajista, a sauke ta daga wuyan ƴan'uwan majiyyaci. Manyan asibitocin Maraɗi, Damagaram da Tawa su samu ɗakin awo mai cikakken kaya da rinin istirojin da HER2 da ba ya yankewa, kuma a sa kuɗin awon a cikin kulawar kyauta da doka ta tanadar wa mata, a biya asibitoci a kan lokaci. A kowane watan Oktoba da kowace ranar 4 ga Fabrairu ana tattaki da jawabai a kan sankara. A irin wannan rana, ya dace ma'aikatar ta riƙa faɗa wa jama'a lambobi biyu, jiha-jiha: mutum nawa aka fara wa maganin sankara da takardar awon tsoka a hannu, kuma kwana nawa majiyyaci ke jira tsakanin cire tsoka da karɓar sakamako. Da waɗannan lambobi ne ƴan ƙasa za su iya auna ko alkawuran da ake yi musu suna isa asibitin garinsu.